Bayan an ce ba a dace ba a JFK

Filin jirgin saman JFK da ke Queens a birnin New York gari guda ne. An buɗe shi a 1948, jama'a na kiransa Idlewild, sai a Disambar 1963 aka raɗa masa sunan Shugaba Kennedy bayan an kashe shi. Dubban mutane ke neman abinci a cikinsa: masu lodin kaya, masu tura fasinja a keken marasa lafiya, masu share jirgi, masu gadi. Ga kuma aikin sabunta shi da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 19. Hukumar Port Authority mai kula da filin ta amince a 2018 cewa mafi ƙarancin albashi zai kai dala 19 a awa kafin ƙarshen 2023. Cikin masu neman aikin akwai Hausawan Bronx, 'yan Nima da Kumasi da Maraɗi da Kano.

Sau da yawa ana kiran mutum intabiyu, kwana kaɗan saƙo ya shigo wayarsa cewa an ɗauki wani. Sai ya ce ba rabonsa ba ne, ya koma tuƙin Uber. Maganar gaskiya ce, tana kuma sanyaya zuciya. Illar ita ce a nan ake rufe zancen, ba a sake waiwayar abin da ya faru a ɗakin intabiyun.

Ga abin da yakan faru. Mutumin da ya shekara goma yana riƙe da shago a Kantin Kwari ya zauna gaban mai tambaya, ya sunkuyar da kai, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Aka ce ya ba da labarin ranar da ya shawo kan wani kwastoma da ya fusata. Ya ce Alhamdu lillahi, ba su taɓa samun matsala da kowa ba. A gida wannan tarbiyya ce: ba a zuba wa babba ido, ba a yabon kai. Amma mai tambayar tana riƙe da takardar ba da maki, kuma bai ba ta abin rubutawa ba. Ita a ganinta mutumin ko dai bai san aiki ba, ko yana ɓoye wani abu. Alhali yana da labarai ɗari: ranar da dilar atamfa ta zo da tabo, mai kaya ya tara masa jama'a, shi kuma ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya canja masa kayan kafin la'asar. Labari irin wannan ake nema, da matsalarsa da abin da mutum ya yi da hannunsa da yadda aka ƙare. Faɗin gaskiyar aikin da mutum ya yi ba fariya ba ce.

Don haka ranar da aka fito intabiyu ya kamata a rubuta tambayoyin tun ba a manta ba, a gano inda harshe ya sarƙe. A aika saƙon godiya, a tambayi abin da za a gyara, ko da yake yawancin kamfanoni ba sa amsawa.

Wani lokacin kuma ba baki ne ya kayar da mutum ba. JFK ba ya barci, wasu ayyukan kafin asuba ake kama su, kuma daga Bronx tafiya ce mai nisa a jirgin ƙasa kafin a hau AirTrain mai shiga filin. Wanda aka tambaya yadda zai iso da ƙarfe huɗu na dare ya yi shiru, ya riga ya rasa. Haka katin shiga wuraren tsaro: sai an ɗauki zanen yatsu an binciki tarihin mutum, kuma sunan da aka rubuta Muhammad a fasfo, Mohammed a wata takarda, yana iya jawo tsaiko.

Ba kowace faɗuwa ce laifin mai nema ba. A 2008 kamfanin Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗaukar Samantha Elauf a Tulsa saboda ɗankwalinta, kuma a 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta ba ta gaskiya da rinjayen alƙalai 8 da 1. Mace ba ta buƙatar cire hijabi don intabiyu. A Terminal 4 ma akwai masallaci. A birnin New York, tun 2017 doka ta hana tambayar mai neman aiki albashinsa na baya.

Taimako yana nan kyauta. Council for Airport Opportunity, da ke da ofis a unguwar Jamaica, tun 1972 take haɗa mazauna yankin da ayyukan filayen jiragen sama. Cibiyoyin Workforce1 da ɗakunan karatu na Queens suna gyara takardar tarihin aiki, suna shirya mutum don intabiyu.

Abin da ya rage yana hannun al'umma. Masallatan Hausawa a Bronx cike suke da mutanen da suka riga suka ƙetare wannan ƙofa, katin JFK rataye a wuyansu. Awa ɗaya bayan sallar la'asar ranar Lahadi ta isa ɗaya daga cikinsu ya zaunar da ƙaninsa a kujera, ya yi masa tambayoyin da Turanci, ya sa shi ɗaga kai, ya sa ya maimaita har amsar ta zauna masa a baki.