Rauji Daga Bakin Bahaushe, Ba Daga Cikin Na'ura Ba

A da, idan yaro ya tashi a gidan kiɗa a 'Yankwashi ko Roni ko Gwiwa, ba a fara miƙa masa kalangu. Kuntuku ake ba shi, ya daɗe yana buga abu guda a bayan manya, har kunnensa ya nuna. A yau kuwa saurayi kan sayi kwamfuta 'yar gwanjo, a zuba masa manhajar FL Studio a Kazaure ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, kafin wata ya kama ya haɗa kiɗan da za a saka a gidan biki. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne, domin sana'a ce da ke ciyar da mutane, musamman lokacin bukukuwa da na siyasa. Abin da ya kamata ya dami manazarcin harshe shi ne inda wannan saurayi yake ɗebo raujinsa, da kuma amon ƙasa mai kauri da ke ɗauke da raujin, wanda 'yan situdiyo suke kira bes.

Tun da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, harkar finafinan Hausa ta yi ta bunƙasa, kuma kafin shekarun nan goma su ƙare fiyanon Yamaha ya ture makaɗan gargajiya daga waƙoƙin fim. Tare da fiyanon nan wata ɗabi'a ta shigo, watau a fara tsara kiɗa, sau da yawa bisa karin waƙar Indiya, sa'an nan a nemo kalmomin Hausa a cusa a ciki. Wannan ɗabi'a ce sabon makaɗi ya gada, kuma ita ce ya fi dacewa ya fara yarwa.

Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya zauna a ajin tsarin sauti. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, da na ƙasa, da faɗau. Wuyan da ke ɗauke da kai yana farawa sama ya sauka, wuyar rayuwa kuwa daga ƙasa take hawa. Kukan jariri sama yake tafiya har ƙarshe, kukar miya tana faɗowa a gaɓa ta biyu. Haka farin zane da farin da ke kashe shuka. Ashe ke nan kowace jimla ta Hausa ta riga ta zo da rabin raujinta kafin a taɓa fiyano. A 1972 Paul Richards ya auna wata waƙar Hausa gaɓa-gaɓa, ya tarar cewa rauji yana bin karin sauti sau da ƙafa a kimanin rabin wuraren, a mafi yawan sauran kuwa yakan tsaya wuri guda ne ko ya ɗan karkata, amma da wuya ƙwarai ya hau inda magana ta sauka. Watau mawaƙi yana da sarari, sai dai sararin yana da iyaka. Wanda ya ƙetare ta, sai mai sauraro ya ji waƙar kamar baƙo ne yake gwada Hausa, ko da bai iya faɗin abin da ya sosa masa kunne ba.

Saboda haka mai koyo ya fara da gindin waƙarsa. Ya rubuta shi, ya yi ta faɗinsa da baki kamar mai zance, yana lura da inda murya ta hau da inda ta sauka, da gaɓa mai nauyi wadda ke son a ja ta, da marar nauyi wadda ke son a wuce ta. Bayan haka ne zai nemi wannan tafiya a kan fiyano. Baƙaƙen maɓallan nan guda biyar da ke maimaita kansu sun ishe shi mafari, domin galibin raujin gargajiya a kan matakai biyar yake yawo. Sauran bakwai ɗin ba haramun ba ne, amma ba a fara koyon dawa da babban daji.

Amon ƙasa shi ne inda kuskure ya fi yawa. Sabon hannu yakan sa bes ya riƙa bin muryar mawaƙi duk inda ta nufa, sai kiɗan ya cushe, a rasa jagora a rasa 'yan amshi. Alhali kuwa misalin abin da ake nema yana tsakar gidan su. Ƙwaryar da mata suke kifawa a kan ruwa a kiɗan amada ba ta rera waƙa. Amo ɗaya ko biyu take da shi, tana faɗa a wurinta, tana barin fili. Haka tabarya a lugude. Bes nagari ɗan amshi ne: ya jira jagora ya ja numfashi, sa'an nan ya karɓa, ya kuma koma ga amon da waƙar take sauka a kai a ƙarshen kowane ɗa. Inda ake son lanƙwasar kalangu, wadda makaɗan Mamman Shata suke samarwa da matse tsirkiya a hammata, akwai ɗan gargare a gefen fiyanoni da yawa mai ja da amo sama ko ƙasa, kuma manhajar ma tana da makamancinsa.

Akwai tarko biyu da na'urar kanta take ɗanawa. Na farko, manhajar tana buɗewa ne da gidaje 16, huɗu-huɗu, alhali kiɗe-kiɗen Hausa da yawa uku-uku suke tafiya. Wanda bai mayar da gidajen 12 ba, ko bai buga da hannunsa ba, zai daddatse kiɗan ya zama na fareti. Na biyu, mutanen Babura da Gwiwa ba a situdiyo za su ji waƙar ba, a 'yar sifikar waya za su ji ta, ita kuwa ba ta fitar da amo mai zurfi sosai. Dole a ɗora wa bes ɗin wani siririn amo irinsa a samansa, in ba haka ba ya ɓace.

Wani zai ce wannan duk komawa baya ne, matasa sabon abu suke so. To amma a 1978 Mamman Sani ya shiga gidan rediyon Yamai da fiyanon lantarki ƙirar Italiya, ya naɗi kiɗan da ya ɗora da yawansa bisa waƙoƙin gargajiya na Nijar. Da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, Turai da Amurka sabon abu suka ɗauke shi.

Laifin ba na samarin kaɗai ba ne, sassan Hausa na jami'o'i ma suna da kaso. Kundayen digiri cike suke da ɗiyan waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge, an feɗe jigo an feɗe salo, amma kiɗan da ya ɗauki kalmomin an bar shi a kaset. Ɗalibin da zai je gida hutu a 'Yankwashi don nazarin wani makaɗi yana iya sa alamar karin sauti a kan kowane layi da ya rubuta, ya kuma roƙi makaɗin ya buga masa kuntuku shi kaɗai, kalangu shi kaɗai, ya naɗa a wayarsa. Ƙaninsa mai kwamfuta yana ɗaki na gaba.