Agogon alƙalin wasa da agogon bango a cikin kwamfuta

Ranar 11 ga Janairu 2022, a filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa, Kelechi Iheanacho ya jefa wa Masar ƙwallo a minti na 30. Ba a damu da ƙarfe nawa ne a lokacin ba, domin wasan ƙwallo ba ya aiki da agogon bango. Abin da yake ƙirgawa shi ne tsawon abin da ya shuɗe tun daga busar farko. Washegari a Limbe, alƙalin wasan Mali da Tunisiya, Janny Sikazwe, ya busa tashi a minti na 85, ya kuma sake busawa kafin minti 90 ya cika. Agogon gari bai yi kuskure ba, ƙirgen ne ya ɓaci.

Ɗalibin Hausa ya san kalmar "lokaci" tana ɗaukar ma'anonin biyu, amma tambayoyin sun bambanta: "ƙarfe nawa?" daban, "minti nawa ya wuce?" daban. Duk manhajar da ta cakuɗa su za ta kunyata mai ita, ko ba daɗe ko ba jima.

Kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba ta jin wucewar lokaci da kanta. Wata 'yar na'ura ce ke taɓa ta a kai a kai, ta katse aikin da ake yi. Wannan shi ne katsewar agogo. Da ta zo, sai kanel ta ajiye abin da ke hannunta, ta ƙara ɗaya a ƙirgenta, ta duba ko wa'adin wani aiki ya cika, ta yanke ko wanda ke kan layi ya ci rabonsa a ba wani. A tsofaffin kwamfutocin DOS ana yin haka kusan sau 18.2 a daƙiƙa. A Linux ana zaɓar 100, 250, 300 ko 1000. Yawan bugun na sa kwamfuta saurin amsawa, amma yana cin wuta, domin kowane bugu farkawa ce. Shi ya sa tun 2007 Linux ta koyi tsallake bugun idan babu aiki, ta bar na'ura ta yi barci har wa'adi na gaba, idan ta farka ta karanta wani ma'auni da bai tsaya ba. Mai waya a garin da caji ke da wuya ya fi kowa cin moriyar wannan dabara, ko da bai taɓa jin labarinta ba.

Wannan ƙirge shi ne agogon alƙali: gaba kawai yake yi, ba a mai da shi baya. Agogon bango kuwa aro ne. Kanel na karɓo shi lokacin kunnawa daga wani ƙaramin agogo mai batir kamar kwabo, mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, daga baya ta daidaita shi ta intanet. A arewacin Kamaru, inda wuta ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo a kan Binuwai, ake kuma rabon ta idan ruwa ya ja baya, kwamfutar da batirin nan nata ya mutu takan tashi da kwanan watan shekarun baya. Shafukan banki su ƙi buɗewa, domin takardar shaidarsu ba ta dace da ranar ba. Da intanet ta dawo kuma, sai agogon ya yi tsalle na shekaru a ƙiftawar ido. Manhajar da ta auna jiran minti biyar da irin wannan agogo ta shiga uku.

Wasu masu rubuta manhaja kan ce wannan tsanani ne, tunda agogon bango daidai yake a mafi yawan kwanaki. Gaskiya ne, sai dai ranar da ya saɓa ba ta yin sallama. A daren 30 ga Yuni 2012 an ƙara daƙiƙa ɗaya tak a agogon duniya, don ya dace da juyawar ƙasa; a Garwa ana gab da ƙarfe ɗaya na dare. Wani kuskure a Linux ya sa wa'adodi suka riƙa cika kafin lokacinsu, manhajoji suka yi ta farkawa suna komawa jira ba hutu, har injuna suka cushe, shafuka irin su Reddit suka durƙushe. A 2022 taron ma'aunai na duniya ya amince a daina ƙara wannan daƙiƙa nan da 2035.