DAGA GINDIN ZUMA: Kafin A Hura Wutar, A Nemi Mai Tsaronta

Wanda ya tsaya a gindin Dutsen Zuma ya dubi babban titin da ya ratsa ta gabansa, to, yana kallon hanyar da ta haɗa kusan dukan al'amarin nukiliya na ƙasar nan, ko ya sani ko bai sani ba. In ya miƙa arewa, titin zai kai shi Kaduna, sa'an nan Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da tukunyar nukiliya ɗaya tak da Nijeriya ta mallaka, wadda aka fara hura ta ran 3 ga watan Fabrairu, 2004. In ya yi kudu ta Zuba da Gwagwalada, zai iske Sheda, inda Gwamnatin Tarayya take da cibiyar fasahar nukiliya. In ya ƙara gaba ya wuce Lokoja, sai Geregu ta Jihar Kogi, ɗaya daga cikin wurare biyu da aka zaɓa don gina tashar lantarki ta nukiliya. Ɗayan kuwa Itu ne, a Jihar Akwa Ibom. Hukumar da aka ɗora wa alhakin sa ido a kan duk waɗannan tana nan Abuja, kusa da mu. Saboda haka mu mutanen Suleja ba 'yan kallo ba ne a wannan zance.

Cikin shekarar 1976 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, amma ba ta kama aiki sosai ba sai 2006. A watan Oktoba na 2017 Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a kan gina tasha, ko da yake ba a kafa tubali ko ɗaya ba tukuna. Wannan jinkiri wata dama ce, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Tukunyar Zariya ta bincike ce, an gina ta da ƙarfin kilowat 30 kacal. Irin wadda Rosatom ta fara gina wa Masar a El Dabaa cikin 2022 kuwa, kowace ɗaya za ta ba da megawat 1,200 na lantarki, watau ta fi madatsar Kainji mai megawat 760, kuma zafin da take fitarwa ya ninka na tukunyar Zariya kusan sau 100,000. Wanda ya iya riƙon fitilar kwai ba lalle ne ya iya tsaron gobarar daji ba.

Abin da ya fi damunmu ba injin ba ne, al'adarmu ce in hatsari ya auku. Ran Asabar, 18 ga watan Janairu, 2025, a mahaɗar Dikko da ke kan wannan titi namu, wata tankar man fetur da ta faɗi ta kama wuta sa'ad da ake ƙoƙarin juye man cikin wata tankar da taimakon janareta, jama'a kuma sun yi dafifi suna kwasa. Kusan mutum 100 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Wata uku kafin nan irin wannan ta auku a Majiya ta Jihar Jigawa, aka yi asarar rayuka fiye da 150. Bayan kowace ɗaya abin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne gangancin direba da kwaɗayin masu kwasa. Wannan gaskiya ce, amma rabinta ce. Wa ya duba lafiyar motar kafin ta hau titi? Wa ke da ikon killace wurin tun kafin mutane su taru? Wace ƙa'ida ce ta tsara yadda za a juye mai daga motar da ta faɗi, kuma wa ke tilasta a bi ta? Wane darasi aka ɗauko daga Majiya aka kai Dikko? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙasashen da suka riga mu shiga harkar nukiliya su ma da irin wannan tunani suka fara, har wuya ta koya musu. Da misalin ƙarfe 4 na asuba, ran 28 ga watan Maris, 1979, a tashar Three Mile Island da ke jihar Fensilbaniya ta Amurka, wani bawul da ke rage matsin tukunya ya buɗe, ya ƙi rufuwa, ruwan da ke sanyaya tukunyar ya yi ta tsiyayewa. A ɗakin da ake sarrafa na'urori akwai wata 'yar fitila da ma'aikata suka ɗauka tana nuna bawul ɗin ya rufu, alhali kuwa abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa da umurnin rufuwa. Ƙararrawa fiye da 100 suka ɗauki kuka cikin 'yan mintoci. Ma'aikatan suka zaci ruwa ya yi yawa, suka rage na agajin gaggawa, kamar yadda horon da aka ba su ya nuna. Sai bayan awa biyu da minti 20 da 'yan kai aka toshe ɓarakar, a ƙarshe kuma aka tarar kusan rabin cikin tukunyar ya narke.

Da a ce bincike ya tsaya nan, da sai a kori ma'aikatan dare a rufe littafi. Amma kwamitin da Shugaba Jimmy Carter ya naɗa a ƙarƙashin John Kemeny ya tona ƙasa. An gano cewa cikin watan Satumba na 1977 irin wannan bawul ya maƙale a tashar Davis-Besse ta jihar Ohayo, wadda kamfani ɗaya ya ƙera musu tukunya, ma'aikatan can ma sun yi irin wannan kuskure, sai dai sun farga bayan minti 20 ko kusa da haka. Kamfanin ya sani, hukumar sa ido ta sani, amma ba wanda ya isar da gargaɗi ga sauran tashoshi. Rahoton kwamitin, wanda ya fito a watan Oktoba na 1979, ya nuna cewa babbar matsalar ta mutane ce, kuma mutanen da yake nufi sun haɗa da masu zana injin, da shugabannin kamfani, da masu koyar da ma'aikata, da ita kanta hukumar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan aikin sa ido ya sake kama. Aka yarda cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba: zai gaji, zai manta, zai ruɗe in ƙararrawa ta yi yawa. Aikin mai sa ido shi ne ya tabbatar kuskuren mutum ɗaya bai isa ya halaka gari ba. A Amurka aka zaunar da sufetoci aƙalla biyu a kowace tasha, suna shiga ko'ina a kowane lokaci ba sai sun nemi izini ba, kamar yadda dubagari yake shiga gida ya leƙa randa a zamanin da. Aka ƙayyade awoyin aiki, aka tilasta wa ma'aikata yin atisaye a ɗakin gwaji mai kama da na gaske, aka gyara allunan na'urori don su faɗi abin da ke faruwa a zahiri. Aka kuma wajabta ba da rahoton kowane ƙaramin tuntuɓe, ko da bai jawo ɓarna ba, a rarraba shi ga sauran tashoshi.

Ran 31 ga watan Maris, 1987, hukumar ta Amurka ta rufe tashar Peach Bottom, ita ma a Fensilbaniya, saboda an tabbatar ma'aikata suna barci a bakin aiki, shugabanninsu kuma sun kau da kai. Ba hatsarin da ya auku, ba wanda ya ji rauni, amma tashar ba ta koma aiki ba sai 1989. A nan ake gane hukuma mai haƙori: tana iya kashe wuta ta jawo wa kamfani asarar miliyoyi tun kafin a ga gawa.

Inda hukuma ta rasa wannan ƙarfi, an ga sakamako. Bayan fashewar tukunyar Chanobil a Tarayyar Sobiyet ran 26 ga watan Afrilu, 1986, rahoton farko na ƙwararrun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya ɗora yawancin laifin a kan ma'aikata. Cikin 1992 ƙwararrun suka sake rahoto, suka nuna cewa tukunyar da aibinta aka ƙera ta, an kuma san aibin tun kafin hatsarin, amma ba a sanar da masu aiki da ita ba. A Japan, bayan igiyar ruwa ta mamaye tashar Fukushima ran 11 ga watan Maris, 2011, kwamitin majalisar ƙasar ya ba da rahoto a watan Yuli na 2012 cewa bala'in aikin hannun mutum ne, gama hukumar sa ido ta zama 'yar amshin shatan kamfanonin da take dubawa. Tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta shi ne bunƙasa nukiliya, watau an ba kura ajiyar nama. A watan Satumba na wannan shekarar aka rushe ta aka kafa sabuwa mai cin gashin kanta.

To, mu dawo gida. Dokar da ta kafa Hukumar Sa Ido Kan Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta NNRA, an yi ta cikin 1995, amma hukumar ba ta fara aiki ba sai watan Mayu na 2001, a ƙarƙashin Farfesa Shamsideen Elegba. A yaba mata inda ta cancanta: ita ta ba tukunyar Zariya lasisi, kuma a ƙarƙashin kulawarta aka sauya makamashin tukunyar cikin 2018, aka mayar da tsohon yuraniyam mai ƙarfi ƙasar Sin lami lafiya. Amma an daɗe da jingina ta ga Ma'aikatar Man Fetur, alhali kamfanonin mai su ne kan gaba wajen amfani da ƙwayoyin sinadari masu tiririn nukiliya a ƙasar nan, don da su ake auna cikin rijiyoyi. Ba mu manta ba a watan Disamba na 2002 irin waɗannan ƙwayoyi guda biyu na kamfanin Halliburton suka ɓace a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su a Jamus, har Gwamnati ta dakatar da ba kamfanin kwangila cikin 2004. Yarjejeniyar Duniya kan Kiyaye Hatsarin Nukiliya ta 1994, wadda Nijeriya take cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta wajabta a raba aikin mai sa ido da na mai tallata nukiliya ko mai amfani da ita.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da Gwamnati da abubuwa huɗu. Na farko, a sabunta dokar 1995, a tsai da hukumar da ƙafafunta, kuɗin aikinta ya fito kai tsaye, shugabanta kuma ya zama ba a iya tsige shi don kawai ya ɓata wa wani babba rai. Na biyu, a fara horar da sufetoci tun yanzu a Zariya da Sheda da tashoshin ƙetare, a biya su albashin da zai hana kamfani saye su ko kwashe su, gama sufeto ba ya nuna a shekara ɗaya. Na uku, a yi doka mai kare ƙaramin ma'aikacin da ya kawo rahoton kuskurensa ko na maigidansa. Wannan shi ne mafi wuya a gare mu, domin mun saba yaro ba ya gyara wa babba magana, kuma wanda ya faɗi laifinsa shi ake kora, wanda ya ɓoye ya sami ƙarin girma. A ɗakin sarrafa tukunya irin wannan kunya kisa take yi. Na huɗu, a riƙa buga rahoton kowane bincike a fili, da Hausa da sauran harsunanmu, don mutanen Geregu da na Itu da duk wanda ke zaune a bakin hanya su san abin da ake ciki.

Ba mu ƙi nukiliya ba. Mutanen Jihar Neja, masu Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, waɗanda duk da haka suke kwana cikin duhu, sun fi kowa sanin darajar wutar lantarki, kuma Afirka ta Kudu tana aiki da tashar Koeberg tun 1984. Abin da muke cewa shi ne a gwada mu da ƙarami kafin a danƙa mana babba. Ranar da sufeto zai iya tsai da tankar babban attajiri a kan titi don birkinta ya lalace, ya kuma wayi gari da aikinsa, ranar ce za mu yarda akwai wanda zai iya ce wa tashar da aka kashe wa biliyoyi ta dakata. Gemun maƙwabta ya riga ya kama wuta sau uku a idonmu, saura mu shafa wa namu ruwa.

Allah Ya kiyaye mu da sakaci, Ya ba shugabanninmu kunnen jin shawara. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.