A karanta wa yaro sunansa kafin a tura

A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa kuskure daga wajensu ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Cikin 'yan kwanaki aka sake musu jarrabawa. A watan Agusta sai ga WAEC mai shirya jarrabawar kammala sakandare: da farko ta ce kashi 38.32 cikin ɗari na ɗalibai ne suka ci darussa biyar har da Turanci da Lissafi, mako bai zagayo ba ta dawo ta ce kashi 62.96 ne, an samu tangarɗa wajen makin takardar Turanci. Na yaba musu da suka amsa laifi. Amma ni da ke koyarwa a Illela, abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin gyaran. Kuskuren da ya taɓa dubban ɗaruruwa, jaridu da Facebook suna ta kururuwa a kansa, kwanaki suka ishe shi. Wanda ya faɗa kan yaro ɗaya ɗan Kalmalo ko Araba, babu mai yi masa magana, yakan ci shekara, wani lokaci ya cinye karatun ɗungurungum.

Mu nan, yawancin ɓarnar kan teburin rajista take faruwa, tun kafin yaro ya riƙe biro a ɗakin jarrabawa. Kuma suna ne kan gaba.

Duk Bahaushe ya san mutum ɗaya kan tashi da suna biyu ko uku. An raɗa masa Abubakar, gida ana kiran sa Garba. Usman ya zama Shehu, Umaru ya zama Sanda, A'isha ta zama Indo, saboda kunya ko girmama mai sunan. Ranar da aka kai yaro aji ɗaya, sunan da ya fito bakin wanda ya rako shi, shi malami zai rubuta. A sakandare a tambaye shi sunan mahaifi, ya ba da na kakan da ya rene shi, ko a liƙa masa sunan garinsu kamar yadda aka saba tun zamanin su Shehu Shagari da Aminu Kano. A wancan lokaci wannan bai hana kowa zama kowa ba, domin mutum ne ke duba takarda, kuma ya san al'ada. Yau kwamfuta ke dubawa, ita kuwa a wajenta Garba Bello Illela da Abubakar Bello mutum biyu ne.

Zamanmu a bakin iyaka ya ƙara mana wani. Tsakaninmu da Birnin Ƙonni na Nijar auratayya ce da zumunci, yaro kan fara makaranta can ya ƙarasa nan, ko a haife shi can wajen kakanninsa. Takardarsa ta Nijar ta ce Ousmane, Aboubacar, Chaibou, da rubutun Faransanci. Tamu ta ce Usman, Abubakar, Shu'aibu. Sannan ga ranar haihuwa. Da yawa daga yaranmu a gida aka haife su, uwa ta san da kaka ne ko ana sauran kwanaki a yi Sallah, amma ba wanda ya rubuta. Sai kowane ofis ya ƙiyasta tasa: makaranta ta sa shekara ɗaya, mai rajistar katin ɗan ƙasa ya sa wata, kuma rabin aji a ce duk ranar 1 ga Janairu aka haife su.

Tun daga 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, kuma bayanan da ke kan lambar su take ɗauka. To in sunan da ke NIN ya saɓa da na takardar WAEC ko NECO ko NBAIS, ranar tantancewa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari za a ce wa yaro ya je ya gyaro. “Je ka gyaro” a bakin ma'aikaci kalma uku ce. A wajen uba kuwa kuɗin mota ne zuwa Sakkwato da dawowa, ba sau ɗaya ba, da takardar rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, da kuɗin gyara, da jira. Na ga uban da ya kai tunkiya kasuwar Lahadi saboda harafi biyu da wani ya juya. Na ga yarinya mai ƙwazo da gurbin karatun jinya ya wuce ta kafin gyaran ya fito, kuma a garinmu yarinyar da ta zauna gida shekara guda ba kasafai take komawa aji ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin ta yi nata, mu manya ne ba mu yi namu ba.

Ba na ɗora wa yaron shagon intanet ko jami'in jarrabawa laifin duka. Mutum ɗaya ne ke shigar da sunaye ɗaruruwa cikin dare, sabis na zuwa yana ɗaukewa, gobe za a rufe rajista, kuɗin wasu ɗaliban ma yau aka kawo. A irin wannan gaggawa ake sa hoton wani kan sunan wani, a manta wa mai son likitanci darasin Kimiyyar Sinadarai, a zame layi wajen kwafe makin aji har na Hassan ya koma kan Husaini. Laifin tsarin ne da ya bar aiki mai nauyi haka ba mai dubawa na biyu.

Maganin kuwa ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kafin a tura komai ga hukumar jarrabawa, a buga shi a takarda, malamin aji ya tsaya ya karanta wa kowane ɗalibi sunansa harafi harafi, da ranar haihuwarsa da darussansa, a nuna masa hotonsa, a gwada da abin da ke kan NIN ɗinsa. Ya kai gida a karanta wa mahaifinsa. Uban da bai yi boko ba yana da kunne, in ya ji an ce Bello alhali shi Bala ne, zai tsayar. Wanda ya shigar da bayanai kada ya zama shi ne mai tabbatarwa. Makin aji kuma malamin darasi ya sa hannu a kan abin da aka kwafe, ya ajiye nasa littafin. Ɗan da ya zo da takardar Ƙonni, a zauna da iyayensa ranar da aka karɓe shi a tsayar da rubutu ɗaya, tun ran gini ran zane.

Ina roƙon Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sakkwato ta mayar da wannan karatun suna wajibi a kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, ta ware masa mako guda kafin rufe rajista, ta kuma tambayi shugaban makarantar da bai yi ba. Ku kuma iyaye, ku karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun ana cikin hidimar suna, kuma duk ranar da aka ce a kawo kuɗin jarrabawa, ku ce a nuna muku abin da aka rubuta kafin ku biya.