Ra'ayinmu: Gawa Mai Tsalle a Wayoyin Yaran Zango

A shagunan tura finafinai na Zango da ke jihar Katsina, ban da Indiya-Hausa, akwai wani irin fim ɗin Chana da ke shiga wayoyin yara: gawa cikin rigar hakiman daular Qing, hannuwa a miƙe, tana tsalle tana bin numfashin mutane. Daga Hong Kong ya fito, cikin yaren Kanton. Sammo Hung ne ya share fage a 1980 da Encounters of the Spooky Kind, sannan a 1985 ya ɗauki nauyin Mr. Vampire, wanda Ricky Lau ya ba da umarni, Lam Ching-ying kuma ya fito a malamin addinin Tao. Da ya manna wa gawa rubutacciyar takarda rawaya a goshi sai ta sandare.

Iyaye da malaman da ke ƙorafi suna da hujja. Mu mutane ne masu wanke mamaci, mu suturce shi, mu gaggauta kai shi makwancinsa. Mai da gawa abin dariya ba tarbiyyarmu ba ce. Babbar damuwar ma ita ce a waɗannan finafinai tsafi yana ci. Bokan da marigayi Rabilu Musa Ibro kan fito, shi ake yi wa dariya. Malamin Tao kuwa shi ne gwarzo.

Sai dai wanda ya kalla ya san shiririta ta fi tsoro yawa. A Mr. Vampire, shinkafa mai danƙo ce maganin dafin gawar, sai mai shago ya cakuɗa ta da shinkafar gari, wanda dafin ya kama ya soma rikiɗa. Duk wanda aka taɓa yi wa algus a kwanon awo ya gane wannan ba tare da tafinta ba. Ƙasar da ta taso da labarin macijin rijiyar Kusugu kuma ba baƙuwar dodo ba ce.

Ba mu goyon bayan haramtawa. Fim ɗin da ke yawo a memori, a garin da ke bakin iyaka da Nijar, ba dokar da za ta tare shi. Abin da zai yiwu shi ne masu shago su daina tura shi a wayar da ƙaramin yaro ya kawo, masu gidajen kallo kuma su bar nuna shi da dare in akwai ƙanana a kan benci. Wannan aikin masu unguwanni ne da shugabannin masu sana'ar, ba sai an jira umarni daga Katsina ba.