Malam Abubakar Imam, Ɓarawo Ne Ko Falke?

Ran nan muna zaune bayan isha'i, sai wani ɗan ajinmu ya ce wai Malam Abubakar Imam ba mawallafi ba ne, ɓarawon labarun Larabawa da Turawa ne kawai. Na yi shiru a wurin, gama ya fi ni baki, amma abin ya tsaya mini a rai. Don haka na roƙi Edita ya ba ni fili kaɗan.

Ga wanda bai sani ba, an haifi Malam Abubakar a Kagara cikin 1911. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita ya zama malami a Midil ta Katsina. Cikin 1933 Dakta East na Ofishin Juye-juye a Zariya ya nemi malamai su rubuta labarun ƙagawa da Hausa. Malam Abubakar, yana da shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuwa ya aika da Ganɗoki. Bayan haka ya yi Magana Jari Ce, littafi uku, sa'an nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya rasu a 1981, Allah ya ji ƙansa.

To, abokina bai yi ƙarya duka ba. Shi kansa Malam bai ɓoye ba cewa ya kwaikwayi Abu Zaidi na cikin Maƙamatul Hariri. Akun nan mai ba ɗan sarki labari kowane dare don ya hana shi fita, asalinsa daga Hindu ne. Da zai yi Magana Jari Ce ma, littattafai aka tara masa a Zariya, na Gabas da na Turai, aka ce ya zaɓa. Laifi ɗaya na yarda da shi: da ma an rubuta asalin kowane labari a ƙarshen littafin, da ba mu tsaya muna gardama yau ba.

Amma ni mutumin ƙasar Bagudo ne, bakin iyaka da Benin, wadda kakanninmu suka sani da sunan Dahomey, kuma mu a wurinmu ɓarawo dabam, falke dabam. Ta wajen Illo ayarin fatake ke ƙetare Kwara a zamanin da, su bi ta Bargu su nufi Gwanja. Goro ba ya fitowa a ƙasarmu ko ɗaya. Duk da haka wa zai ce goro baƙo ne a gidan Bahaushe, alhali da shi ake ɗaurin aure, da shi ake suna? Falke ya sha rana, ya yayyafa masa ruwa, ya sake masa ganye, ya tsince ruɓaɓɓe, har ya kawo shi da ransa. Wannan wahala ita ce hakkinsa.

Haka Malam ya yi. Ku dubi kuyangar nan ta labarin Jamus da ta cinye kajin maigidanta, ta kori baƙo da ƙarya. Da ta biyo ta hannunsa sai ta zama Kalalatu matar Kalala, har kana iya rantsewa ka san gidansu. Malam Zurƙe ɗan Muhamman fa, da shi da Alhaji Imam suna ta ramuwar gayya gari gari? Na karanta wa tsofaffi wannan a zauren gidanmu lokacin hutu, cikinsu har da Dandawa da Filani waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Sun yi dariya har da hawaye, wani ya ce lalle ya taɓa kwana masauki ɗaya da Zurƙe a hanyar Lolo. Ba wanda ya tambaye ni Hariri.

Abin da ya sa na damu, jama'a, shi ne irin wannan zargi yana kashe wa masu son rubutu jiki. Na san mutum biyu a ɗakinmu da suka fara labari suka ajiye, don tsoron kada a ce sun ɗauko daga littafin Turanci. Shi kuwa mai zargin, na tambaye shi ko ya zaɓi labari ɗaya cikin Alfu Laila, ya juya shi yadda tsofaffin zaurenmu za su saurara har ƙarshe ba mai gyangyaɗi. Ya ce sai bayan jarrabawa. Edita ya yi alkawarin ajiye masa shafi a fitowa mai zuwa.