Kaluluwar da ba ta ciwo ta fi ban tsoro

Kaluluwar da muka saba da ita tana ciwo. Ka ji rauni a ƙafa, ta fito a matsematsi, bayan kwana kaɗan ta baje. Wadda nake so ka sa wa ido daban ce: ƙullutu a wuya ko hammata, mai tauri kamar roba, ba ya ciwo, ya yi makonni bai tafi ba. Ga zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, ga gumin dare har zanin gado ya jiƙe, ga rama ba dalili. Wannan na iya zama limfoma, wato sankarar kaluluwa. Nau'inta da ake kira Hodgkin yana yawan kama 'yan shekara 15 zuwa 35. Mu ke nan fa.

Amma me muke yi? A ɗauki hoto a watsa a WhatsApp, wannan ya ce taifod ce, wancan ya ce sammu. Ko a asibiti ma ana iya ɗaukarta tarin fuka, don alamunsu kusan ɗaya ne. Gwajin jini kaɗai ba ya tabbatar da ita, hoto ma haka. Sai an ciro kaluluwar, ko wani yanki nata, an duba a ɗakin gwaji, irin na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, kafin a san nau'inta. Nau'in kuwa shi ke nuna maganin.

'Yar'uwa, ke da kika ga kin rame kika nufi kemis neman maganin ƙiba, tsaya. Dexamethasone da prednisolone suna sa limfoma ta sace na ɗan lokaci. Ki ce kin warke, alhali kin ɓata wa likita sawu ne, don gwajin na iya fitowa ba a gane komai ba.

Akwai kuma nau'in Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ya fi kama yara, amma matasa ma ba su tsira ba, kuma yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk da haka shi da Hodgkin suna cikin sankarar da ake warkewa idan an fara magani da wuri.

In an ɗora ka a kan maganin tarin fuka, ƙullutun kuma sai ƙara girma yake, kar ka jira wata 6 ya cika. Koma ka tambayi likita ko za a ciro a gwada, ka kuma gaya masa duk ƙwayar da ka sha a kemis.